Hoton Kusa: Yadda Ake Ɗaukar Ƙwari Mafarauta Da Amfaninsa Ga Mai Lambu

A kowane lambu, da kowace gonar wake, har ma da gindin katangar makaranta, akwai wata farauta da ake yi safe da yamma wadda galibinmu ba mu san da ita ba. Mafarautan nan ba su rataya kwari da baka, domin su kansu ƙwari ne. Wani bai fi tsawon yatsa ba, wani kuwa bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma suna da kwanton ɓauna da tarko da dafi kamar kowane maharbi.

Mu dai abin da muka saba shi ne ƙwaro ƙwaro ne. In ya shigo ɗaki a sa masa takalmi, in ya sauka a kan shuka a ɗauko tankin feshi. Alhali kuwa ƙwarin gona kashi biyu ne: akwai masu cin shuka, akwai kuma masu cin waɗannan masu cin shukar. Manomin da bai iya rarrabe su ba yakan kashe mai gadinsa tare da ɓarawo, kuma da kuɗinsa. Rarrabewar da ido kawai tana da wuya saboda ƙanƙantarsu, to a nan ne wani fanni na ɗaukar hoto yake da amfani. Turawa suna kiransa makro, mu kuwa za mu kira shi hoton kusa.

Mene Ne Hoton Kusa?

A bayan gilashin kowace kyamara akwai wurin da haske yake sauka ya zama hoto. A da fim ne, yanzu kuwa wani ɗan faranti ne na lantarki. Fim ɗin da aka fi sani, wato mai milimita 35, faɗin kowane hoto a kansa milimita 36 ne, tsayinsa kuma 24. Idan ka ɗauki mutum yana tsaye, surarsa duka sai ta ƙanƙance kafin ta shiga wannan ɗan wuri. A hoton kusa kuwa, ƙwaro mai tsawon milimita 10 surarsa ma milimita 10 take sauka a kan farantin, ba ragi. Wannan shi ake ce wa ɗaya bisa ɗaya, kuma daga nan masana fannin suke fara lissafi. In surar ta ninka girman ƙwaron sau biyu, an sami biyu bisa ɗaya ke nan, haka har zuwa biyar.

To da aka wanke hoton aka buga shi a takarda babba, ko aka buɗe shi a fuskar kwamfuta, sai kan ƙuda ya zama kamar ƙwarya. A lokacin ne ake ganin gashin fuska, da ƙayoyin hannu, da dubban 'yan gidaje da ke cikin ido, abubuwan da suke tare da mu tun fil azal amma ido bai taɓa kai mana gare su ba.

Waɗanda Suka Share Fage

Tun kafin a ƙago kyamara mutane suke son ganin ƙananan halittu da kyau. A 1665 wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya buga littafi mai suna Micrographia, inda ya zana ƙuma da idon ƙuda kamar yadda ya gan su a madubin ƙara girma. Amma zane ne na hannu, kuma ƙwarin a tsaye suke ba motsi.

Wanda ya kama ƙwaro yana cikin tashi shi ne Stephen Dalton, shi ma ɗan Ingila. Ya haɗa wata fitila mai walƙiya wadda haskenta ba ya wuce kashi ɗaya cikin 25,000 na daƙiƙa, ta yadda fiffiken da ke kaɗawa zai fito kamar an dafe shi. Littafinsa Borne on the Wind ya fito a 1975, kuma ɗaya daga cikin hotunansa, na wani ƙwaro dangin rina yana tashi, yana cikin hotunan da aka sa a kumbon Voyager da Amurka ta harba sararin samaniya a 1977. A 1996 kuma wasu Faransawa biyu, Claude Nuridsany da Marie Pérennou, suka fito da fim mai suna Microcosmos, wanda kusan duk 'yan wasansa ƙwari ne na cikin ciyawa.

Zuwan kwamfuta ya buɗe wata ƙofa. A 2016 gidan tarihin halittu na Jami'ar Oksfod ya baje hotunan Levon Biss, wanda yake haɗa hoto guda daga ƙananan hotuna kimanin 8,000, sa'an nan a buga shi ya kai mita 3. Sai dai shi ƙwarin da aka adana a gidan tarihi yake ɗauka. Wanda ke son mafarauci da ransa, yana bakin aikinsa, sai ya shiga gona.

Ƙoƙi-ƙoƙi

Duk wanda ya ji tatsuniya a bakin kakarsa ya san Ƙoƙi matar Gizo. Ƙoƙi-ƙoƙi na gaske ya fi na tatsuniya ban tsoro. Akwai irinsa fiye da 2,400 a duniya. Ba ya bin abin farauta da gudu. Yakan laɓe a kan reshe ko fure, ya naɗe hannuwansa biyu kamar mai addu'a, ya jira. Da fara ko ƙuda ya matso, sai hannuwan nan masu jerin ƙayoyi su miƙe su cafke, cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba.

Ta yaya yake auna nisa har bai cika kuskure ba? A 2016 masu bincike a Jami'ar Niyukasil ta Ingila suka yanka wani ɗan tabarau mai ido shuɗi da kore, suka manna wa ƙoƙi-ƙoƙi da kakin zuma, suka nuna masa surar ƙwaro a allo. Da wannan suka tabbatar yana haɗa abin da idanunsa biyu suka gani ya gane nisan abu, kamar yadda mu 'yan Adam muke yi. Irin da suka yi gwajin da shi ma na Afirka ne.

Ga mai ɗaukar hoto, ƙoƙi-ƙoƙi shi ne ya fi sauƙin farawa, domin ba ya saurin gudu, kuma yana juyo da kai ya dube ka. A hoton za ka ga baƙin ɗigo a kowane ido kamar yana bin ka da kallo. Wannan ba ƙwayar ido ba ce irin tamu. 'Yan gidajen idon da suka fuskance ka kai tsaye ne suke shanye haske, shi ya sa wurin yake fitowa baƙi. Tamatar takan cinye namijin a lokacin barbara, amma ba kullum ba. Wani abu kuma mai kama da busasshen kumfa da ake gani manne a reshe, gidan ƙwayayensa ne, kuma 'ya'ya da yawa suke fitowa daga ciki. Gaskiyar magana dai ƙoƙi-ƙoƙi ba ya zaɓe: yana cin fara da tsutsa, yana kuma cin ƙudan zuma in ya samu.

Mazari

Muna cewa jikin wane yana rawa kamar mazari, amma a wajen farauta babu mai nutsuwa irinsa. Idonsa ɗaya yana iya ƙunsar 'yan gidaje har 30,000, kuma idanun biyu sun kusa rufe kansa duka. A sama yake kama abincinsa. Ba ya bin bayan ƙuda ko sauro, sai ya yanke masa hanya ya tare shi a gaba, ya haɗa ƙafafunsa shida kamar kwando ya kwashe shi. Bincike ya nuna wasu irinsa suna dacewa har sau 95 cikin 100.

Yarintarsa a ruwa yake yin ta, wata da watanni, yana cin 'ya'yan sauro da talibambam da wani leɓe mai naɗewa wanda yake harbawa gaba. Ashe kududdufin da ke da 'ya'yan mazari yana da masu rage mana sauro. Mazari yana da wata ɗabi'a mai taimakon mai kyamara: in ya zaɓi kan wani tsinke, ko ya tashi yakan komo nan. Saboda haka kada ka bi shi. Saita kyamara a kan tsinken, ka zauna, zai dawo.

Ƙuda Ɗan Fashi Da Kurkudu

Akwai wani ƙuda dogo mai ƙwarin ƙafafu, wanda Turawa suke kira ɗan fashi, kuma irinsa sun haura 7,000. Yakan zauna a kan dutse ko ganye a rana, ya zabura ya kama wani ƙwaro a sama, ya soka masa baki ya zuba yawu mai kashe jiki da narkar da ciki, sa'an nan ya tsotse. A hoton kusa ne ake ganin ashe yana da gemu, wato tarin gashi mai kauri a fuska da ke kare idanunsa daga shure-shuren abin da ya kama. Lokacin da yake cin abinci shi ne lokacin ɗaukarsa, domin ba ya son tashi ya bar ganimarsa.

Shi kuwa ɗan ƙwaron nan mai haƙa rami kamar mazurari a cikin rairayi, wanda yara a wasu wurare suke kira kurkudu, tarko yake ɗanawa. Da baya-baya yake tafiya yana zagayawa har ramin ya yi gangaren da rairayi ba ya iya riƙe ƙafa. Yakan binne kansa a ƙasan ramin, muƙamuƙansa kaɗai a waje. Tururuwa in ta zame ta nemi hawa, sai ya riƙa watsa mata rairayi da kai har ta gangaro. Mutane da yawa ba su san cewa wannan jariri ba ne. In ya girma yakan yi fiffike huɗu ya yi kama da mazari, sai dai shi da dare yake tashi, kuma tashinsa ba ƙarfi. Da rani ake samun ramukansa a gindin bango da ƙarƙashin inuwar rufi, inda ruwa ba ya taɓawa.

Zanzaro Da Mai-ɗigo

Siririn ƙugun zanzaro ne ya sa in ɗan makaranta ya cusa riga cikin wando muke cewa ya yi zanzaro. Shi babban ruwan fure yake sha, farautar saboda 'ya'yansa yake yi. Tamatar takan gina ɗan ɗakin laka a bango, ta harbi gizo-gizo ko tsutsa da dafin da ke kashe jiki ba tare da ya kashe rai ba, ta cusa a ɗakin, ta saka ƙwai ta liƙe. Ɗan in ya ƙyanƙyashe sai ya tarar da nama wanda bai ruɓe ba. Irin da ke ɗibar tsutsa, ma'aikaci ne da mai lambu ba ya biya.

Wanda ya fi kowa amfani ga mai wake da kuɓewa da kabeji shi ne ɗan ƙwaron nan mai kama da rabin ƙwallo, ja ko rawaya da ɗigo-ɗigo ko zanen baƙi, wanda za mu kira mai-ɗigo. Abincinsa darɓa ne, wato ƙananan ƙwarin nan da ke taruwa a ƙarƙashin ganye suna tsotse ruwan shuka har ganyen ya yi danƙo. Babba guda yana iya cin darɓa 50 a yini. Matsalar ita ce ɗansa bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Dogo ne, baƙi-baƙi, mai ƙaya-ƙaya kamar ɗan ƙaramin kada, ga shi kullum a tsakiyar darɓa ake ganinsa. Manomi yana ganinsa sai ya ce ga uban ɓarnar, alhali shi ma cin darɓar yake yi ba ƙaƙƙautawa. Hoto guda da ya nuna wannan ɗa da darɓa a bakinsa ya fi dogon bayani, domin gani ya kori ji.

Tururuwa Mai Jinyar 'Yan'uwanta

A maƙwabciyarmu Kwaddibuwa, cikin gandun dajin Comoé, akwai wata baƙar tururuwa babba wadda gara kaɗai take ci. Sukan fita ɗaruruwa a jere su far wa gara, su kuwa sojojin gara su ciji wasu har su guntule musu ƙafa. A 2017 wani masani daga Jami'ar Würzburg ta Jamus, Erik Frank, ya bayyana cewa tururuwar ba ta barin masu rauni a fagen fama, ɗaukar su ake yi a kai su gida. Bayan shekara guda kuma ya nuna a gida 'yan'uwansu suna lashe musu raunin. Waɗanda aka hana wannan jinya 80 cikin 100 suka mutu, waɗanda aka yi wa kuwa 10 kacal. Ba a ga wannan ba sai da aka kafa kyamara kusa da su, aka zauna aka yi ta kallo. Allah mai iko.

Kayan Aiki

Kada mai karatu ya ce wannan harka ta masu kuɗi ce. Gaskiya ne akwai gilasan da aka ƙera musamman dominta, kamar Micro-Nikkor na kamfanin Nikon, ko MP-E 65 da kamfanin Canon ya fitar a 1999 mai ƙara girma daga sau 1 zuwa sau 5. Waɗannan suna da tsada. Amma akwai hanyoyi uku masu rangwame ga mai kyamarar da ake cire wa gilashi.

Ta farko, zobba. Wasu zobba ne fanko da ake sakawa tsakanin kyamara da gilashi. Duk lokacin da gilashi ya ƙara nisa da farantin, sura tana ƙara girma. Gilashi mai milimita 50 in aka sa masa zobba masu kaurin milimita 50, an sami ɗaya bisa ɗaya. Ta biyu, juya gilashi. Akwai wani zobe mai arha da ke ba ka damar ɗaura gilashi a juye, bakinsa yana kallon kyamara. Mai milimita 50 yakan ba da kusan ɗaya bisa ɗaya, mai 28 kuwa wajen biyu bisa ɗaya. Tsofaffin gilasan zamanin fim, irin waɗanda ke kwance a shagunan tsofaffin masu hoto, sun fi dacewa da wannan, domin da hannu ake murɗa ƙofar haskensu. Ta uku, ƙarin gilashi da ake maƙalawa a gaba, kamar Raynox DCR-250.

Wanda ba shi da kyamara kuwa, wayar hannu ta isa farawa. Wasu wayoyin suna zuwa da tsarin ɗaukar kusa, sauran kuma ana saya musu ɗan gilashi mai matsewa kamar abin shanya. Ko madubin ƙara girma irin na ɗakin kimiyya na makaranta, in aka riƙe shi a gaban idon waya, yana yin abin kirki. Da hunturu a riƙa sa kaya cikin leda ko jaka mai rufewa, domin ƙura tana shiga gilashi, musamman wanda aka juya.

Matsaloli Uku

Matsala ta farko ita ce ƙarancin wurin da ke fitowa tar. A hoton biki, amarya da waɗanda ke bayanta duk suna fitowa sosai. A ɗaya bisa ɗaya kuwa, ko an tsuke ƙofar haske zuwa lamba 11 ko 16, wurin da zai fito tar bai kai kaurin milimita 2 ba, sauran duk dishi-dishi. Saboda haka doka ta farko: a saita ido. In idon ƙwaro ya fito, mai kallo zai yafe sauran. Doka ta biyu: in kana son jikin duka, ka ɗauke shi ta gefe, jikinsa ya yi daidai da fuskar kyamara. Tsuke ƙofar fiye da haka ba ya magani, domin haske in ya matsu ta ƙaramar kafa yakan bazu, hoton duka ya yi laushi. Masu kwamfuta suna ɗaukar hotuna da yawa, kowanne an ɗan matsa gaba, su haɗa wuraren da suka fito tar su zama hoto guda. Wannan sai ƙwaron da ya zauna shiru.

Ta biyu haske. A ɗaya bisa ɗaya, hasken da ke isa farantin kashi ɗaya cikin huɗu ne na wanda zai isa a hoton nesa, ga kuma ƙofa a tsuke. Don haka ake amfani da fitilar walƙiya ko da rana tsaka. Amma walƙiya tsirara tana ƙona hoto, musamman ga ƙwaro mai sheƙi. Maganinta a sa farar takarda ko farar roba mai shara-shara tsakanin fitila da ƙwaro, hasken ya bazu ya yi taushi. Mai waya kuwa ya riƙe farar takarda a gefe ta mayar da hasken rana zuwa ɓangaren inuwa.

Ta uku motsi. Abin da ya ƙara girman ƙwaro shi ne yake ƙara girman rawar hannu da kaɗawar ganye. A kafa gwiwar hannu a ƙasa ko a cinya. A riƙe reshen da hannun hagu a hankali, a ɗora bakin kyamara a kan wannan hannun, yadda in sun motsa tare za su motsa. Kada a yi ta murɗa gilashi ana neman saiti: a tsayar da shi, a riƙa matsawa gaba da baya da jiki, ido yana fitowa a latsa. A ɗauki da yawa, domin cikin ashirin mai yiwuwa biyu ne za su yi kyau, kuma haka abin yake har ga gwanaye.

Lokaci Da Ladabi

Ƙwaro ba ya ɗumama jikinsa kamar mu, da zafin rana yake samun kuzari. Saboda haka bayan sallar asuba, gari ya waye raɓa ba ta bushe ba, shi ne lokacin da mazari da ɗan fashi suke zaune shiru, iska ma ba ta taso ba. Wanda ke son ganin farautar kanta kuwa sai hantsi. Tsakiyar damina zuwa kaka ƙwari sun fi yawa. A tunkare su a hankali, daga ƙasa-ƙasa, kada inuwa ta faɗa musu. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai masu sa ƙwaro a firji don ya sandare, ko su manna shi da gam, ko su jefa wa ƙoƙi-ƙoƙi wani abu don su sami hoton kisa. Wannan zalunci ne, kuma hoton ƙarya yake faɗi, domin ba haka dabbar take yi a inda take ba. Littafinmu mai tsarki yana da surori da sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo, wannan kaɗai ya isa ya hana mu wulaƙanta ƙananan halittu. Sa'an nan a yi hattara. A duba ciyawa kafin a durƙusa saboda maciji da kunama, kada a matsa wa gidan rina, a kauce wa jerin kwarkwasa, kuma yara kada su kama ƙwaron da ba su sani ba da hannu, domin wasu mafarautan suna da sara mai zafi.

Ina Ruwanmu Da Wannan?

Da yawa cikin 'yan'uwanmu a zangogin Ankara da Kumasi da Tamale da Bawku, da lambu suke ci da iyalinsu. Maganin feshi yana da tsada, kuma mafi yawansa ba ya tambayar ƙwaro ko kai wane ne. Ga yadda asarar take zuwa. Darɓa ba ta bukatar namiji kafin ta hayayyafa, 'ya'ya take haifa kai tsaye, kuma cikin kamar mako guda su ma sun fara haihuwa. Mai-ɗigo kuwa sai ya yi makonni daga ƙwai zuwa girma. In feshi ya kashe su duka, 'yar darɓar da ta tsira ita ce za ta riga dawowa, ta tarar babu mai cin ta, ta fi da yawa. Sai manomi ya sake sayen magani. Wanda ya san fuskar masu taimakonsa zai duba ganye kafin ya yi feshi, ya fesa inda ɓarna take kawai, ya bar inda mafarauta suke aiki.

Masana aikin gona sun daɗe da sanin darajarsu. A 1984 aka gano wani mugun ƙwaro mai huda masara a rumbu ya shigo Togo, asalinsa daga Amurka ta Tsakiya. A 1991 aka kawo wani ɗan ƙwaro mai farautarsa daga can ƙasarsu, mai suna Teretrius, aka sake shi a Togo, daga baya kuma a wasu ƙasashen. A Benin kuma, binciken da aka buga a 2007 ya nuna itatuwan mangwaro masu yawan jar tururuwar nan mai ɗinke ganye ta yi gida, ƙudan da ke sa wa mangwaro tsutsa bai cika yi musu ɓarna ba. Ita ce kuma wadda muke ƙonawa saboda cizo.

Akwai kuma maganar harshe. Mu da ke zaune nesa da ƙasar Hausa, yaranmu da yawa sun san sunan ƙwaro da Turanci daga littafin kimiyya, amma ka ce musu zanzaro ko mazari sai su yi zuru. Sunan da ba a kiransa ɓacewa yake yi. Mu malaman makaranta muna iya ba kowane aji aikin ɗauko hoton mafarauci guda, a aza tsinken ashana kusa da shi don a san girmansa, a rubuta rana da wuri da irin shukar da aka same shi. Daga nan yaro ya kai wa kakansa ya tambayo sunan da Hausa. Wanda ke da intanet yana iya sa hoton a iNaturalist, dandalin da aka kafa a 2008, inda masana suke taimakawa da sunan kimiyya. Kafin shekara ta zagayo makaranta ta mallaki kundinta mai suna uku ga kowane ƙwaro, wanda za a iya nuna wa masu lambun unguwa.

Muna roƙon masu karatu, musamman dattawa da masu lambu, duk wanda ya san sunan ɗaya daga cikin ƙwarin nan a bakin mutanen garinsu, ko ya ɗauki hoto mai kyau, ya aiko wa edita don sauran jama'a su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mana amfanin gona, amin.